BABI NA HUƊU: TSUFA DA SANA'AR KIƊA, KO TSOHON MAKAƊI YA AJIYE KO YA CI GABA

4.0 Shimfiɗa

A babi na uku an kawo ire-iren makaɗan baka da ake samu a ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara, tare da kayan kiɗansu da wuraren da suke yin wasa. A wannan babi kuwa za a duba wata matsala wadda mai nazari ya yi ta cin karo da ita a lokacin da yake yawon tattara bayanai, wato matsalar tsufan makaɗi. Kusan duk makaɗin gargajiyar da aka samu zantawa da shi ya ba shekara hamsin baya, kuma kusan kowannensu akwai mai matsa masa lamba, a gida ko a waje, a kan ya ajiye kiɗa ya huta. Saboda haka za a kawo hujjojin masu cewa a ajiye da na masu cewa a ci gaba, sannan a auna su da rayuwar wasu fitattun makaɗan Hausa da ta makaɗan ƙauye a Nasarawan Doya. Daga ƙarshe mai nazari zai faɗi inda ya tsaya.

4.1 Hujjojin Masu Cewa a Ajiye

Hujja ta farko ita ce ta jiki. Makaɗi da muryarsa da numfashinsa da hannunsa yake aiki, kuma duka ukun nan tsufa yana taɓa su. Murya takan dushe, numfashi ya gajarta ta yadda ɗan waƙar da a da ake kai shi gaɓa da numfashi ɗaya sai an yanka shi biyu, haƙora su zube lafazi ya lalace. Mai wannan ra'ayi yana ganin tsohon makaɗin da ya nace yana ɓata sunan da ya gina ne da hannunsa, domin yaran da ba su san shi da ƙuruciyarsa ba da wannan dusasshiyar murya za su auna shi.

Hujja ta biyu ita ce ta mutunci. A al'adar Hausawa akwai abin da ya dace da yaro, akwai wanda ya dace da dattijo. Ana sa ran mai furfura ya zauna a ƙofar gida ana kawo masa gaisuwa da shawara, ba a gan shi tsakar dare a dandali yana wasa sa'ar jikansa don ya liƙa masa kuɗi ba. Da ma can matsayin maroƙi da makaɗi ba mai tsawo ba ne a tsarin zaman Hausawa, don haka 'ya'yan da suka yi karatu ko suka samu abin hannu sukan ji nauyin a ce ga ubansu can da kalangu a hammata.

Hujja ta uku ita ce ta addini, kuma ita ta fi ƙarfi a bakin jama'a. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa, ba kuwa aikin wannan bincike ba ne ya shiga wannan fage. Abin lura dai shi ne yadda mutane suke cewa wane ya tuba idan makaɗi ya ajiye sana'arsa, kalmar da ba a faɗa wa maƙeri ko majemi idan ya bar tasa. Masu wannan hujja suna cewa wanda ya kusa kabari tasbaha ta fi dacewa da hannunsa.

Hujja ta huɗu ita ce ta ba na baya wuri. Muddin jagora yana tsaye, ɗansa ko mataimakinsa ba zai taɓa jan waƙa a gaban jama'a ba, sai ya tsufa yana amshi.

4.2 Hujjojin Masu Cewa a Ci Gaba

Su kuma waɗannan suna farawa ne da cewa makaɗi ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, a ba shi garatuti, a riƙa biyansa fansho. Makaɗi kuwa abincinsa yana bakinsa. Ranar da ya yi shiru, ranar kyauta ta tsaya. Ko da yake an yi dokar haƙƙin mallaka a Nijeriya a 1988, aka kuma sake wata a 2022, waƙoƙin makaɗan baka sun yi ta yawo daga faifan garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa wayar hannu, ba tare da wani abin kirki ya koma aljihun masu su ba. Ke nan wanda ya ce wa tsohon makaɗi ya ajiye, sai ya faɗi abin da zai ci.

Hujja ta biyu ita ce waƙar baka ba murya kaɗai ba ce, ilimi ce. Makaɗin fada sai ya san salsalar gidan sarauta, wa ya haifi wa, wa ya yi yaƙi a ina, wane kirari ne na wane gida. Makaɗin jama'a sai ya san mutane da garuruwa da halayen zamani. Wannan kuwa ba ya samuwa sai da daɗewa, shi ya sa Hausawa suke cewa da tsohuwar zuma ake magani. Habaici da zambo masu ratsa jiki, da iya zaɓen kalmar da za ta sa basarake ya gyara zama, duk sun fi nuna a bakin wanda ya ga jiya ya ga yau.

Hujja ta uku ita ce waƙar baka ba a rubuce take ba. Marubucin waƙa idan ya ajiye alƙalami takardarsa tana nan. Makaɗi kuwa idan ya ajiye, duk abin da ba a ɗauka a na'ura ba kuma yaransa ba su haddace ba ya tafi ke nan.

4.3 Tsarin Rerawa da Nauyin Tsufa

Idan aka lura da kyau za a ga ɓangarorin nan biyu sun yi kuskure iri ɗaya, wato sun yi wa makaɗa kuɗin goro. A fahimtar mai nazari, ba yawan shekaru ne yake yanke hukunci ba, tsarin da makaɗi yake rera waƙarsa a kai shi ne yake nuna yawan nauyin da tsufa zai ɗora masa. Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), ya bambanta makaɗin da yake waƙa a ƙungiya da wanda yake yi shi kaɗai, ya kuma yi bayanin irin aikin da 'yan amshi suke yi wa jagora. A kan wannan bambanci za a duba makaɗa huɗu.

4.3.1 Alhaji Musa Ɗanƙwairo

An fi ruwaito cewa an haifi Ɗanƙwairo a 1909, ya kuma rasu a 1991, ke nan ya haura shekara tamanin. Ya gaji kiɗa ne a gidansu, ya yi wa wansa Kurna amshi kafin ya zama jagora, kuma 'ya'yansa da danginsa ne suka fi yawa a ƙungiyarsa. Wanda duk ya saurari waƙoƙinsa na kotso zai ji cewa 'yan amshinsa ba maimaita gindin waƙa kawai suke yi ba. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya faɗi farkonsa, su tarbe shi su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da dogon zance wanda suka riga suka haddace tare. Ma'anar wannan ita ce nauyin numfashi a rabe yake. Jagora shi ne mai tsara magana da nuna hanya, matasa ne masu ɗaga murya. A irin wannan tsari tsufa ba ya rushe waƙa, domin abin da ya ragu a ƙirjin jagora yana nan a ƙirjin yaransa, abin da babu a kan yaran kuma yana nan a kansa. Bugu da ƙari, kowane wasa makaranta ce ga magada. Wannan ne ya sa bayan rasuwarsa gidansa bai yi shiru ba. Da Ɗanƙwairo ya ajiye yana ɗan sittin, da an yi asarar waƙoƙin shekara ashirin, da kuma horon da yaransa suka samu a cikinsu.

4.3.2 Alhaji Mamman Shata Katsina

Tsarin Shata daban ne. 'Yan amshinsa gindin waƙa suke riƙewa suna maimaitawa, masu kalangu suna riƙe da kiɗa, amma ɗiyan waƙa duk daga bakinsa suke fitowa, kuma sau da yawa nan take yake ƙirƙirar su. Dandatti Abdulƙadir ya yi nazarin wannan baiwa tasa a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Ke nan Shata ba shi da mai ɗauke masa kaya kamar Ɗanƙwairo. Da mai nazari ya jera waƙoƙinsa na faifai da waɗanda aka ɗauka a bidiyo a ƙarshen rayuwarsa, ya ji bambanci a fili: muryar ta yi kauri, tafiyar waƙar ta lafa, hutun da yake bari tsakanin ɗa da ɗa ya ƙaru. Sai dai kuma saboda amshinsa gajere ne mai juyawa, yana iya barin 'yan amshi su yi ta juya shi har ya shirya, mai sauraro kuwa ba zai ji an yi giɓi ba. Tsarin da ya ɗora masa kaya shi ne kuma ya ba shi wurin hutawa. Haka nan kada a manta cewa a 1988, yana da kimanin shekara 65, wato bayan shekarun ritayar ma'aikaci, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura. Illar tsarinsa ba a lokacin tsufansa ta bayyana ba, sai bayan ransa, domin yaron da ya shekara talatin yana maimaita gindin waƙa bai koyi ƙirƙirar ɗa ba. Baiwar ta bi mai ita.

4.3.3 Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos

Ɗanmaraya shi ne misalin makaɗi kaɗaitacce. Shi ne mai kuntigi, shi ne mai waƙa, ba ɗan amshi, ba mai taya kiɗa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. A irin tsarinsa babu inda makaɗi zai ɓoye, domin in yatsa ya yi sanyi ko murya ta karye, kowa zai ji. Abin da ya taimake shi shi ne turakun waƙoƙinsa. Tun da ƙuruciya wa'azi da gargaɗi da sharhin zaman duniya ya fi yi, kamar yadda ake ji a waƙarsa ta Karen Mota da waƙoƙinsa na zaman aure. Irin wannan magana furfura ƙara mata kwarjini take yi. Darasin da ke nan shi ne makaɗin da ya gina sunansa a kan hikima yana tsufa da waƙarsa, wanda kuwa ya gina a kan zafin jini da zancen samartaka waƙarsa tana riga shi tsufa.

4.3.4 Hajiya Barmani Choge

Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta shahara a kiɗan amada na ƙwarya, ta rasu a 2013, kuma ba ta bar zuwa biki ba sai da ciwo ya kwantar da ita. A wurinta tsufa 'yanci ya ƙara mata. A al'adance akwai maganar da budurwa ko matar aure mai ƙuruciya ba za ta iya faɗa a bainar jama'a ba, amma tsohuwa ta faɗe ta a yi dariya, kamar yadda kaka take wasa da jikokinta. Zancen kishi da na sana'ar mata da na sirrin ɗaki da take yi wa mata a cikin gida ya fi karɓuwa daga bakin uwa. Wannan ya rushe hujjar masu cewa tsufa da kiɗa ba sa haɗuwa da mutunci a kowane hali.

4.4 Abin da Aka Gani a Nasarawan Doya

Waɗanda aka ambata a sama mashahurai ne, sun samu motoci da kujerun Makka. Makaɗin ƙauye kuwa lamarinsa daban ne, kuma a kansa ne muhawarar ta fi zafi. A Nasarawan Doya mai nazari ya zauna da dattawa biyu, waɗanda aka sakaya sunayensu bisa roƙonsu.

Na farko makaɗin gangar noma ne wanda ya doshi saba'in. Kiɗan noma kiɗan ƙarfi ne, domin makaɗi yana rataye da ganga yana bin manoma kunya-kunya cikin rana, yana zuga wanda ya yi gaba, yana yi wa na baya ba'a. Baban ya shaida wa mai nazari cewa ƙafa da kafaɗa sun daina ɗaukar wannan aiki. Abin da yake yi yanzu shi ne ɗansa na uku ya rataya gangar, shi kuma ya tsaya a bakin gona yana jefa kirari. Mai nazari ya halarci irin wannan aiki sau ɗaya a gonar rake, ya kuma ga yadda wani saurayi ya zabura da aka kira shi da kirarin kakansa, wanda shi kansa bai taɓa ji ba sai ran nan. Ɗan yana da hannu, amma bai san kakan kowa ba. Duk da haka manyan 'ya'yan dattijon suna so ya bari, suna cewa surukansu suna yi musu gori. Shi kuwa amsarsa ita ce ba shekaru ne za su raba shi da ganga ba, rashin gayya ne. Maganin feshi da ƙwadagon kuɗi sun rage gayya ƙwarai, a wajen biki kuma matasa sun fi son mai kiɗan na'ura da waƙoƙin sitidiyo.

Na biyu tsohon makaɗin kalangu ne na 'yammata da na bukukuwa, wanda ya ajiye bayan ya sauke farali. Yanzu yana sayar da mazarƙwaila, kuma ana girmama shi a unguwa. Ya ce bai yi nadama ba, domin ya ga ba daidai ba ne mai jikoki ya kwana a dandali yana wasa 'yammata. Mai nazari ya yarda da shi a kan wannan. Abin baƙin cikin shi ne da aka roƙe shi ya faɗo waƙoƙinsa ko da ba kiɗa don a rubuta, sai ya ƙi wasu, wasu kuma ya nema ya rasa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa, ba kuma yaron da ya koya a wurinsa. Waƙoƙin dandalin garin na tsawon zamani guda sun salwanta alhali mai su yana raye.

4.5 Waiwaye a Kan Wasu Ƙasashe

Wannan muhawara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Ingila da Amurka an daɗe ana yin ta a kan mawaƙan kiɗan rok, kiɗan da aka gina shi tun asali a kan ƙuruciya da tsalle-tsalle da bijire wa manya. Mick Jagger na ƙungiyar Rolling Stones, wanda aka haifa a 1943, an yi masa aikin zuciya a 2019, amma a 2024 ya zagaya Amurka yana wasa yana da shekara 80. Phil Collins ya yi wasansa na ƙarshe da ƙungiyar Genesis a Landan a 2022 yana zaune a kujera, ɗansa Nic yana kaɗa gangunan da shi ya saba kaɗawa, wato dai abin da makaɗin noman Nasarawan Doya ya yi. Ozzy Osbourne ya yi wasan bankwana a birnin Bamingham ranar 5 ga Yuli, 2025, shi ma a zaune saboda ciwo, ya mutu bayan kwana 17. Bambancin shi ne waɗannan suna da dukiyar da za su zauna su ci, don haka tambayar da ake yi musu ita ce me ya hana su hutawa. Makaɗin Hausa kuwa sau da yawa ba shi da wannan zaɓi. Haka kuma mawaƙin rok yana kokawa ne da hoton ƙuruciyarsa, alhali makaɗin fada tun farko an san shi da babbar riga da natsuwa, ba abin da tsufa zai ƙwace masa a idon masu kallo.

4.6 Matsayin Mai Nazari

Bisa abin da ya gabata, mai nazari yana ganin tambayar a ajiye ko a ci gaba an gina ta a karkace. Akwai hanya ta uku, kuma ita al'adar kiɗan Hausa ta tanada tun da can, wato makaɗi ya sauya matsayi a cikin sana'arsa. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ɗan dambe dole ya kwance zare idan ƙarfi ya tafi, domin ƙarfin shi ne sana'ar, amma ana ganinsa a fage yana raba 'yan wasa yana ba yara shawara. Haka ya kamata makaɗi ya yi.

Saboda haka makaɗin da kiɗansa na ƙarfi ne, kamar na noma da na dambe, ya miƙa ganga ga yaro ya riƙe baki. Wanda turkensa na samartaka ne, ya sauya turke ko ya bar dandali, amma kada ya bar shi sai ya juye abin da ke kansa. Makaɗin ƙungiya ya ci gaba muddin hankalinsa yana tare da shi, da sharaɗin ya riƙa sakar wa mataimakinsa jagoranci a wasu wasanni tun yana raye. Iyakar da mai nazari ya yarda da ita guda ɗaya ce: ranar da makaɗi ya fara manta sunan wanda yake wasawa, ko ya zama jama'a tausayinsa suke ji ba daɗin waƙarsa ba, to ranar ajiyewa ta zo, kuma wajibin iyalinsa ne su faɗa masa cikin ladabi su kuma ɗauke masa cefane. Wanda ya ajiye don addini kuwa an girmama niyyarsa, ba mai ikon tilasta shi.

Akwai kuma nauyi a kan sassan koyar da Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi da gidajen rediyo. Yawancin abin da ake ji yau na Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗan'anace ya tsira ne saboda an ɗauke shi a na'ura. A yau da kowane ɗalibi yake da wayar da za ta ɗauki murya, babu uzurin da za a bayar idan makaɗan ƙauyuka suka ƙare ba a taskace su ba.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an kawo hujjoji huɗu na masu son tsohon makaɗi ya ajiye da uku na masu son ya ci gaba. An nuna cewa tsarin rerawa da turken waƙa su ne suke ƙayyade yadda tsufa yake taɓa makaɗi, ta hanyar duba Ɗanƙwairo da Shata da Ɗanmaraya da Barmani Choge. An kuma kwatanta dattawa biyu na Nasarawan Doya, wanda ya sauya matsayi ya tsira da iliminsa, da wanda ya ajiye gaba ɗaya iliminsa ya ɓace. A babi na biyar za a kawo jawabin kammalawa da shawarwarin da wannan bincike ya haifar.